Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Ril Da Wane Zare Zan Sa Wa 'Yar Sandar Fatsata?

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun da na yi subutar baki kwanaki na ce ina fatsar ƙuda, wato kamun kifi da ƙudan bogi, wasiƙu suka fara shigowa, wasu tambaya suke da gaske wasu kuma tsiya kawai suke min, wai mutum da girmansa ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana kaɗa zare a iska kamar mai koran tsuntsaye a gonar shinkafa. Na ji, na gode. Ga huɗu da na zaɓo.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina zaune a jihar Bajiniya ta Amurka, wani abokin aikina Bature ya ɗauke ni muka je dajin Shenandowa kamun kifi a wani rafi da ake kira Rapidan, wallahi tun daga ranar abin ya shiga raina. Na sayi sanda 'yar siririya mai tsawon ƙafa 7 da rabi, an rubuta lamba 3 a jikinta, toh da na koma shago sayen zare da ril, wato 'yar gangar da ake naɗe zaren a jikinta, sai mai shagon ya fito min da ril na dala 300 ya ce shi ne daidai, zare kuma ya jera min kusan kala goma kowanne da rubutu irin su WF3F da DT3F, kaina ya ɗaure na ce masa zan dawo. Dala 200 gareni gaba ɗaya. Don Allah ya zan raba kuɗin nan? Naka, Ɗan Zazzau a Bajiniya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kyauta da ka ce zaka dawo, da yawanmu kunyar mai shago ce take sa mu sayi abin da bamu buƙata. Amsar a taƙaice ita ce ka kai kuɗinka wajen zare, ril kuma ka nemi mara nauyi mai sauƙin kuɗi, har canji zai rage maka na mai. Amma bari in faɗi dalili, saboda masu karatu na gida da basu taɓa ganin abin ba su ma su fahimta.

A fatsar da muka sani a bakin dam ko gulbi, tana kake soka wa a ƙugiya, ka ɗaura ɗan dalma ko wani abu mai nauyi, nauyin nan shi yake jan zaren ya tafi. Fatsar ƙuda ba haka take ba. Abin da ke bakin zaren ƙudan bogi ne da aka ɗaura da gashin tsuntsu da zare a jikin 'yar ƙugiya, in ka ɗora shi a tafin hannu ka hura tashi zai yi, babu yadda za a yi ka jefa shi ya je ko'ina. Toh shi zaren ne yake da nauyi, an lulluɓe shi da roba yayi kauri, shi kake jefawa shi kuma ya ɗauki ƙudan ya kai. Kaga kenan duk aikin yana wuyan zare. Zare ne yake lanƙwasa sanda, sanda ta miƙe ta harba shi. In zaren ya zama na banza ko sandar dala dubu ka riƙe haka zaka wuni kana dukan ruwa.

Lambar nan 3 da ka gani a jikin sandarka ba nauyin sandar ba ne, nauyin zaren da aka ƙera ta dominsa ne. Tun 1961 ƙungiyar masu ƙera kayan fatsa ta Amurka ta tsayar da ma'auni ɗaya, ana auna ƙafa 30 na farkon zare, wato mita 9 da 'yan kai, da wani ƙaramin ma'auni da ake kira giren. Lamba 1 giren 60, lamba 2 giren 80, lamba 3 giren 100, lamba 4 giren 120, lamba 5 giren 140. Giren 100 ɗinnan naka giram 6 da rabi ne kacal, kamar dunƙulen magi ɗaya da rabi a ce an miƙe shi ya kai mita 9. Daga lamba 3 zuwa ƙasa su ake ce wa marasa nauyi sosai, har akwai 0 da 00 da 000 da kamfanin Sage ya yi, waɗannan kam sai masu son wahalar da kansu.

Rubutun jikin kwali kuma ba wani asiri ba ne. F ta ƙarshe tana nufin zaren yana tasowa saman ruwa baya nutsewa, kuma shi kaɗai kake buƙata a rafin da zurfinsa bai wuce cinya ba, kar ma ka kalli masu nutsewa. Lambar tsakiya ka riga ka sani. Saura WF da DT. WF an tara nauyinsa a gaba, bayan ƙafa talatin da wani abu sai ya koma siriri don ya riƙa zamewa cikin zobban sanda in kana son jifa mai nisa. DT kuma kauri ɗaya ne a tsakiya duka, bakinsa biyu ne suka tsuke iri ɗaya. Mutane suna ta musu a kan wanne ya fi, ni kuma abin dariya yake bani, domin a rafi irin Rapidan inda duwatsu da rassan bishiya suka kewaye ka da wuya ka fitar da zare ƙafa 25, kuma a wannan tazarar su biyun kusan abu ɗaya suke yi. Ni DT nake saye saboda dalili na talaka: in baki ɗaya ya tsattsage bayan shekara biyu sai in kwance in juya ɗaya bakin, zare biyu kenan a kuɗin ɗaya. Wasu ma tun ranar farko suke raba shi biyu da almakashi su naɗa rabi su ajiye rabi a durowa, tunda cikakken zare yakan kai ƙafa 80 zuwa 90 kuma DT yana cin wuri a ƙaramin ril.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne sababbi suke faɗawa. Na ce maka ma'aunin ƙafa 30 ne ko? Toh lissafa da kanka. Kifi yana ƙafa 20 daga inda kake tsaye, sandarka ta ci ƙafa 7, siririn zaren gaba da ake kira lida ya ci ƙafa 7 da rabi, me ya rage na zare mai nauyi a waje? Bai fi ƙafa 6 ba. Sanda da aka yi don ta ɗauki nauyin ƙafa 30 kana bata nauyin ƙafa 6, dole ka ji kamar sandar ta ƙi lanƙwasa, kana ta kaɗa hannu ƙudan yana faɗowa gaban takalminka. Maganin ya danganta da irin sandarka. Ka riƙe ta ka kaɗa a hankali. In mai laushi ce tana lanƙwasa har kusa da mariƙi, kamar yawancin na fayiba gilas, sa mata lamba 3 na gaskiya shikenan, da kanta take ɗaukar nauyin kanta. In kuma mai tauri ce irin na girafayit da bakinta kawai yake motsi, toh nemi zaren da aka tara nauyinsa kusa da baki don ƙananan rafuka, kamar Creek na kamfanin Rio, ko kuma ka ƙara lamba ɗaya ka sa mata 4, ba zata karye ba, kar wani ya tsorata ka. Sai dai ka karanta bayan kwali, domin kamfanoni yanzu suna da wayo, akwai zaren da aka rubuta 3 amma a sikeli ya wuce. MPX na Scientific Anglers an ƙara masa rabin lamba, Grand na Rio kuma lamba guda cur. In ka sayi irin waɗannan kuma ka sake ƙara lamba da kanka, ka mayar da 'yar sandarka jakin dako, duk laushin saukar ƙuda da ka sayi lamba 3 dominsa ya tafi, zaren zai riƙa faɗawa ruwa tim kifi su watse. In shagon suna da filin gwaji a baya, da yawansu suna da shi, ka je da sandarka ka ce a baka 3 da 4 ka jefa a tazarar ƙafa 15 zuwa 20, banda nisa, hannunka zai gaya maka.

Maganar kala ban damu da ita sosai ba, kifi daga ƙasa yake kallo ya ga inuwa, amma a rafi mai garau ina sayen mai kalar ganye ko ta ƙasa-ƙasa don hankalina ya kwanta.

Toh sai ril. Kifin da kake bi a Shenandowa ɗan tirawut ne na rafin dutse mai ɗigo-ɗigon ja, yawanci inci 6 zuwa 9, in ka samu mai inci 11 ka ɗauki hoto ka aika gida. Wannan kifin ba zai ja zare daga ril ba, da hannun hagu zaka jawo shi, ril ɗin yana nan yana kallo. Aikinsa ajiyar zare kawai, da kuma kar ya kwance da kansa in ka ja. Na dala 300 ɗin da aka nuna maka nasan irinsa, mai birkin faifai ne a rufe wanda ruwa da yashi basa shiga, abu ne mai kyau wallahi amma an yi shi ne don kifin da zai gudu da mita 50, kamar ka sayi tirela ne don kai yara islamiyya. Kai mai ƙaras-ƙaras zaka nema, wanda cikinsa ɗan haƙori ne da sifirin suna taɓa wani gare mai tsini, in ka ja zare yayi ƙara. Tsohuwar fasaha ce, kamfanin Hardy na garin Anik a arewacin Ingila a 1891 suka fara yin samfurinsu Perfect kuma har yau ana kama kifi da irinsa. Orvis suna da Battenkill ƙarami, Redington suna da Zero, dukkansu basu kai giram 90 ba kuma ba zasu cinye maka aljihu ba. In wata rana Allah ya haɗa ka da babba ya ja, sai ka ɗora yatsa ko tafin hannu a gefen gangar, kai ne birkin.

Nauyi shi ne abin dubawa na farko. Sandarka da ƙyar ta wuce giram 60 zuwa 70, in ka rataya mata ril mai giram 150 ka kashe ta. Gwajin mai sauƙi ne, ɗaura ril da zarensa, zura zaren cikin zobba, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya. In ta tsaya daidai a wajen gaban mariƙin toto inda babban yatsanka yake zama, an dace. In gindi ya rinjaya baki ya ɗaga sama, ril yayi nauyi.

Ni na yi wannan kuskuren da kaina shi yasa nake ta nanatawa. Lokacin ina Shefil a Ingila na sayi 'yar sanda lamba 2 don wani rafi da ake kira Ribelin a gefen gari, na zuba kusan duk kuɗina a wani ril baƙi mai sheƙi don kawai yana da kyau a hoto, sauran canjin na sayi zare mara suna a intanet. Ranar farko da sanyin safiya na jawo zaren ya fito a nannaɗe kamar wayar tsohon tarho, na ja na miƙe ya koma, na jefa ya taru a gabana, kafin azahar bakinsa ya fara nutsewa yana jan ƙudan ƙasa. Wani dattijo da ya zo wucewa da karensa ya tsaya ya kalle ni ya kalli ril ɗin, ya ce kyakkyawan ril, ya wuce. Har yau in na tuna yadda ya faɗe ta sai in ji kunya.

Ƙarƙashin zaren ana naɗa wani farin zare na ciko mai ƙarfin fam 20, kar ka bari a cika maka yadi 100, yadi 30 zuwa 50 ya isa, amfaninsa a wajenka kawai ya ƙara wa gangar faɗi don zaren kar ya naɗu a matse. Ka bar ɗan sarari tsakanin zare da firam kamar kaurin fensir. Lida kuma ka sayi na ƙafa 7 da rabi mai 5X guda uku, da ɗan ƙaramin naɗi na 5X da 6X don ƙari in ya gajarce. Lissafin X ɗin: ka cire lambar daga 11, abin da ya rage shi ne kaurin a kason dubu na inci, 6X kenan 0.005. Wajen zaɓa kuma raba lambar ƙugiya gida uku, ƙuda mai lamba 15 ko 16 ya tafi da 5X, mai 18 ya tafi da 6X.

Don haka dala 200 ɗinka, zare mai kyau na kamfanin da aka sani ko da zai ci kusan rabi ka bayar, ril ƙasa da ɗari, lida da ciko su cinye saura. Kuma kar ka manta da lasin jihar Bajiniya, sannan a cikin dajin nan ba a yarda da tana ba sai koton bogi da ƙugiya mai baki ɗaya, Rapidan ɗin ma kamawa ake a saki. Nasan wannan ita ce maganar da ba zaka iya yi wa mutanen gida bayani ba, ni ma na gaji na daina.

TAMBAYA: Malam ni a Kano nake, yayana ya aiko min da irin wannan sandar lamba 2 daga waje da ril da zare duka. Zan iya zuwa dam ɗin Tiga da ita? Akwai wanda ya ce min giwan ruwa ma ana kamawa da ƙuda. Daga Mai Son Su, Kano.

AMSA: Ƙanena zaka iya zuwa, amma ka cire giwan ruwa daga lissafi. Gaskiya ne ana kama shi da ƙuda, a kogin Faro na arewacin Kamaru masu yawon buɗe ido suna zuwa takanas don haka, amma da sanda lamba 12 suke yi da ƙuda mai tsawon tafin hannu da ril mai birkin gaske, nan ne wancan ril ɗin mai tsada yake cin kuɗinsa. Taka lamba 2 in giwan ruwa ya kama, sai dai ka koma gida da mariƙi. Tsage ma ka ƙyale shi, haƙoransa zasu yanke siririn lida kamar reza, sai an sa waya, waya kuma tafi ƙarfin jifan sandarka. Abokan wasanka su ne kawara da ƙananan karfasa a gefen ruwa inda ciyawa take. Kawara tana cin ƙwari a saman ruwa, ka gwada farkon damina lokacin da shinge yake tashi bayan ruwan sama, ka sa ƙuda mai kama da shi ka ga abin mamaki.

Matsalarka babba zafi ne. Zaren da yayanka ya aiko kusan tabbas na ruwan sanyi ne, an yi robarsa da laushi don kar ta sandare a ƙasar ƙanƙara, toh a ranar Afrilu ta Kano zai saki jiki yayi laɓo-laɓo yana manne wa zobba kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Akwai zaren da ake yi don ƙasashe masu zafi mai tauri a ciki, sai dai yawancinsu manyan lambobi ne na kifin teku, samun lamba 2 aiki ne. Dabarar ita ce ka fita da asuba ko bayan la'asar, ka riƙa jiƙa ril ɗin a ruwa, kuma kar ka kuskura ka bar shi a cikin mota a rana. Lokacin hunturu zafin ya sauka amma iska ta taso, zare mai giram 5 kuma baya faɗa da iska, sai ka nemi lungu ka juya mata baya. In da zaka sake saye don gida, lamba 5 ko 6 zan ce maka.

TAMBAYA: Yallaɓai maigidana ne yake wannan abin a nan Ingila, zarensa ya tsattsage bai kai shekara ba, yana cewa kamfanin ne. Ni kuma ina ganin yadda yake jefar da kayan a bayan mota. Waye mai gaskiya? Daga Uwargida a Lidis.

AMSA: Hajiya kar ki haɗa ni faɗa da maigida, amma ina jin kin fi shi kusa da gaskiya. Abin da yake kashe zare sananne ne: zafin mota, taka shi da takalmi a kan dutse, jifa a kan kwalta ko siminti wajen koyo, kaɗa shi ba lida a baki har yayi ƙara kamar bulala, da kuma maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET, wannan yana cin robar kai tsaye, man kare rana ma ba abokinsa ba ne. Ki ce masa bayan fita uku ko huɗu ya warware ƙafa 40 na farko a roba da ruwan ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, ya goge da tsumma mai laushi, zai ga baƙin dattin da zai fito, dattin nan ne yake sa baki ya nutse. Kafin ya fara jifa kuma ya riƙa jan zaren gaɓa-gaɓa tsakanin hannayensa yana miƙewa. In DT ne ya juya ɗaya bakin, bai yi asara ba tukuna. In WF ne kuma tsagar ta kai ana ganin farin zaren ciki, sai sabo.

TAMBAYA: Ni bahago ne, ril ɗin da na gani duk mariƙinsu a hagu yake. Akwai na bahagwai? Daga wani ɗalibi a Jamus.

AMSA: Ba sai ka nemi na musamman ba, kusan duka ana juya su. A mai ƙaras-ƙaras ka cire gangar ka juya ɗan haƙorin ciki ko ka sauya wanda yake aiki a cikin biyun, takardar cikin kwali tana nuna yadda ake yi, minti biyar ne. Abin da mutane suke mantawa shi ne bayan an juya dole a warware zaren duka har ciko a sake naɗawa ta ɗaya ɓangaren, don haka ka faɗa wa mai shago kai bahago ne tun kafin ya naɗa maka. Ka riƙe sanda da hagu, mariƙin ril ya koma dama.

Mai tambaya kan yadda ake ɗaura ƙuda da gashin zabo, na ga saƙonka, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu, ka tanadi gashin.